Yadda Hafsan Soja Yake Hawa Daga Laftana Zuwa Janar

Lambobin da ke jere a ƙirjin janar ranar fareti, da yawansu na daɗewa a aiki ne da na wuraren da aka tura shi. Abin da ya kai shi kujerar yana cikin fayil ɗinsa, wato rahoton da shugabanninsa suka riƙa rubutawa a kansa kowace shekara tun yana ƙaramin laftana. Kwamitin ƙarin girma bai san fuskarka ba, takardar nan yake karantawa.

Ana farawa ne daga makarantar hafsoshi. A Sandhurst ta Ingila kwas ɗin mako 44 ne, a West Point ta Amurka shekara huɗu har da digiri. Kana fitowa za a damƙa maka sojoji kamar 30, da saja mai igiya uku wanda ya riga ka shiga aiki da shekaru masu yawa. Ka saurare shi a keɓe, ka yanke hukunci da bakinka a gaban jama'a. Ka ajiye ɗan littafi a aljihu: sunan kowane soja, lambar bindigarsa, yaushe rabonsa da hutu, wane ne albashinsa ya maƙale. Bayan doguwar tafiya ka sa a cire takalma, ka durƙusa ka duba ƙafafu da idonka, domin bororon da aka bari kwana biyu cikin jiƙaƙƙiyar safa yana fitar da ƙato daga sahu. In abinci ya zo, kai ne na ƙarshe a layi.

Riƙon kamfani mai sojoji 100 zuwa 150, a muƙamin kyaftin ko manjo, nan ne da yawa ke tuntuɓe, kuma galibi a kan kaya. Kada ka sa hannu a takardar karɓar aiki sai ka ƙirga bindigogi da rediyoyi da tabaran hangen dare ɗaya bayan ɗaya, kana gwada lambar jikin kowanne da ta rajista. Wanda ya sa hannu saboda kunyar wanda ya gada, ranar bincike shi za a tambaya ina rediyo biyu suka shiga.

Sai kwalejin horas da manyan hafsoshi da aikin hedikwata, wanda matasa ke rainawa alhali shi ke raba masu wucewa da masu tsayawa. Ka san rassan: G1 ma'aikata, G2 bayanan sirri, G3 ayyukan yaƙi, G4 kayan aiki da sufuri. Kowa G3 yake so, amma ka nemi zama a G4 ko sau ɗaya, don shirin da bai lissafa mai da ruwa da harsasai ba a kan hanya yake mutuwa. Ka iya rubuta umarni mai sassa biyar: halin da ake ciki, aikin da aka sa, yadda za a aiwatar, kayan tallafi, sai jagoranci da sadarwa. Ka kuma kiyaye rabon lokaci. In saura awa 12 a tashi, huɗu ne naka na tsarawa, takwas na waɗanda ke ƙarƙashinka.

Hawan yana da jinkiri. Janar Eisenhower na Amurka ya fara zama manjo a 1920, bai kai laftanar kanar ba sai 1936. A tsakani ya zo na ɗaya a kwalejin horas da manyan hafsoshi ta Leavenworth a 1926, a Disambar 1944 kuma ya zama janar mai anini biyar. Ka karanta dokar rundunarka da kyau. A Amurka, dokar 1980 ta tanadi cewa wanda aka tsallake sau biyu a ƙarin girma, a mafi yawan lokuta ritaya ko sallama ce ke gabansa, ta 1986 kuma ta sa aikin haɗin gwiwa da sauran rundunoni cikin sharuɗɗan zama janar.

Riƙon bataliya a matsayin laftanar kanar, da sojoji 500 zuwa 800, shi ne rariya ta gaske kafin riƙon birged, wato rundunar da ta haɗa bataliyoyi da dama. A nan ba ka iya duba ƙafar kowa, don haka ka faɗa wa kwamandojin kamfani abin da kake son a cimma da dalilinsa, ka bar musu dabarar. In wani ya yi bajinta, ka rubuta takardar neman masa lambar yabo cikin makon, da rana da wuri da shaidu, tun kafin a sauya wa shaidun wurin aiki.