Masu hoya a ɗaki, ku rage mata ruwa

Salamu alaikum 'yan uwa. Hoya, wato shukar ado mai yaɗo da ake dasawa a tukunya, akwai jinkiri wajen girma. Tawa ta yi wata biyar ko ganye ɗaya ba ta ƙara ba, ashe ruwa nake cika mata. Ganyenta mai kauri ne, yana riƙe ruwa, don haka ku tura yatsa cikin ƙasar, sai ta bushe ku ƙara. A ajiye ta bakin taga mai haske, ban da zafin rana tsaka. Babbar tukunya ma ba ta so, ta fi son matsi.

Dogon reshen nan da ke fitowa tsirara kar a yanke, ganye na tafe. Haka ɗan ƙaramin karan da fure ya kaɗe daga kansa, nan zai sake fitowa. Da hunturu a riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma.