Yadda ake zaɓen jam na karin kumallo a Kumasi

Da farko, 'yar'uwa, idan kin shiga kasuwar Kejetia ko wani kanti a Adum, kada hoton abarba ya ja ki. Juya kwalbar ki karanta bayanta. Abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi shi ya fi yawa a ciki. In kin ga sukari ne a gaba, mayar da ita ki nemi wadda ta fara da 'ya'yan itace.

Sai ki danna tsakiyar murfin da babban yatsa. In ya lotsa ya dawo yana ƙas-ƙas, iska ta shiga, bar ta. Duba ranar lalacewa da lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana.

Na uku, kuɗi. Tun Disambar 2022 da hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin ɗari, na koma jam ɗin da ake yi a Ghana, na abarba ko mangwaro. Na waje dala yake bi. Namu kuwa manomi yake rayawa, shi da galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ke cinye wa gona tana ɓata masa ruwan kogin Offin. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Ki sayi ƙaramar kwalba. Wuta takan ɗauke a Aboabo, firij ya huce, babba ta yi funfuna kafin yara su kai rabi.

A gida, shafa kaɗan a kan burodi mara zaƙi da busasshen cokali, ki rufe nan take saboda tururuwa.