Yadda ake kallon hotunan gidan Osborne

In Allah ya kai ka Ingila, kuma kana sha'awar zanen mutane na zamanin Sarauniya Biktoriya, shawarata kada ka tsaya Landan kawai. Hau jirgin ruwa daga Southampton zuwa East Cowes a tsibirin Wight. A can gidan Osborne yake, wanda Sarauniyar da mijinta Yarima Albert suka gina daga 1845 zuwa 1851, kuma a cikinsa ta rasu a 1901.

Fara da ɗakin cin abinci, inda kwafin hoton iyalin yake rataye, wanda Bajamushe Winterhalter ya zana a 1846. Kada fuskoki su ɗauke maka hankali, ai mai zanen fada ba ya muzanta wanda ke biyansa. Dubi inda kowa ya tsaya da abin da ya sa. Babban ɗan yana manne da uwarsa, tunda shi ne magaji. Ƙaramin nan mai riga irin ta mata, da ke tattaki wajen 'yan'uwansa, namiji ne, Yarima Alfred. Haka ake yi wa ƙananan yara maza sutura a lokacin.

Inda na fi so ka daɗe shi ne barandar da ke kaiwa zauren Durbar, wanda aka ƙawata da salon Indiya. Nemi hoton Maharaja (wato Sarki) Duleep Singh, wanda Winterhalter ya zana a 1854 lokacin Maharajan yana ɗan shekara 15. Ja da baya ka ga kwarjini da takobi, sannan matso ka dubi wuyansa: cikin tsakiyar lu'ulu'u akwai ɗan ƙaramin hoton Sarauniyar. Turawa sun ƙwace masarautarsa ta Punjab tun 1849, ga shi yanzu sanye da hoton wadda aka ƙwace da sunanta. Da yawa suna wucewa ba su lura ba.

Kusa da shi akwai ƙananan zane-zanen Rudolf Swoboda, na mutanen Indiya. A ganina sun fi na sarakunan rai. Tsaya gaban Bakshiram, tsoho maginin tukwane daga Agra, da kuma Abdul Karim, malamin da ya koya wa Sarauniya Urdu.

Kafin ka tashi, leƙa shafin English Heritage, ƙungiyar da ke kula da gidan, ka ga ranakun buɗewa, domin lokacin sanyi ba kullum ake buɗe gidan ba.