Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar makarɓan homon da furotin masu taya su kunna jin

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar makarɓin homon, wato furotin ɗin da homon ke manne wa a cikin ƙwayar halitta, tamkar shi kaɗai ke yin aikin: homon ya zo, ya manne masa, jin, wato guntun DNA mai ɗauke da umarnin gado, ya fara aiki. Ɗan adam yana da makarɓa 48 na dangin da ake kira makarɓan cibiya (nuclear receptors), daga na estirojin da kotisol zuwa na homon tayirod da bitamin D, kuma babu ɗayansu da ke iya kwafar saƙon DNA zuwa RNA da kansa. Wannan aikin wani furotin ne mai suna RNA polimares II. Abin da homon ke yi shi ne sauya wa makarɓin siffa, domin wasu furotin, mataimakan kunnawa, su sami inda za su kama. SRC-1, wanda ɗakin binciken Bert O'Malley ya bayyana a 1995, yana cikin na farkon da aka gano.

Ɗalibai da yawa suna zana mataimakin yana taɓa homon. Ba ya taɓa shi ko kaɗan, kuma a ganina wanda bai gyara wannan zanen ba zai sha wuya a gaba. Homon yana shigewa can cikin wani aljihu na makarɓin, wanda murɗaɗɗun sassansa kusan 12 suka kewaye. Da ya zauna sai murɗe na 12 ya naɗo ya rufe bakin aljihun kamar murfin tukunya. Wannan rufewar ce ke samar da ɗan kwari a bayan furotin ɗin, ta waje. Shi kuwa mataimakin yana ɗauke da guntun jeri da ake rubutawa LxxLL, wanda aka bayyana a 1997: L na nufin lusin, ɗaya daga amino asid, wato tubalan da ke gina furotin, x kuma kowane amino asid. Lusin ɗin nan uku ba sa jituwa da ruwa, sai su nutse cikin kwarin, amino asid ɗin laisin na murɗe na 3 ya riƙe guntun ta wannan gefe, gulutamet na murɗe na 12 ya riƙe ta wancan. Don haka a zana homon a ciki, mataimaki a waje, murɗe na 12 a tsakaninsu. Sai dai kar a mai da LxxLL doka: makarɓin androjin ya fi son jerin FxxLF (F na nufin amino asid ɗin fenilalanin), har ma yana da irinsa a jikinsa.

Wani kuskuren shi ne cewa duk makarɓa suna jira ne a wajen cibiyar ƙwayar halitta har homon ya iso. Na kotisol haka yake, yana riƙe a hannun wani furotin mai suna Hsp90. Amma na tayirod da na asid retinoyik suna nan kan DNA tun kafin homon ya zo, galibi tare da wani makarɓi mai suna RXR, kuma ba zaman banza suke ba. Suna ɗauke da furotin masu dannewa, NCoR ko SMRT, waɗanda ke janyo wani furotin, HDAC3, ya danne jin ɗin. Rashin homon a nan dannewa ce, zuwansa kuma musanya ce: masu dannewa su sauka, mataimaka su hau.

Akwai masu zaton mataimakin shi ke gane wurin zama a kan DNA. Wannan aikin makarɓin ne, da yatsunsa biyu na zink. Mataimakin ta hanyar makarɓin yake zuwa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. SRC yana janyo wasu mataimakan, p300 ko CBP, su maƙala sinadarin asetil a kan histon, furotin ɗin da DNA ke naɗe a kansu, naɗin ya sassauta. SWI/SNF yana ƙona ATP, makamashin ƙwaya, ya tura nukiliyosom, wato dunƙulen DNA da histon, gefe, Mediator ya haɗa makarɓin da polimares. Hotunan littafi kan nuna su a dunƙule wuri ɗaya, alhali a ƙwaya mai rai makarɓin kotisol daƙiƙu kawai yake yi a kan DNA ya saki, ya sake dawowa.

Inda kuskuren ya fi tsada shi ne wajen magani. Ana yawan tambayar ko tamoksifen, maganin sankarar mama, kunna makarɓin estirojin yake ko toshe shi, kamar amsar ɗaya ce. Hoton tsarin makarɓin riƙe da maganin, da aka fitar a 1998, ya nuna cewa maganin yana da jela mai kauri da ke hana murɗe na 12 rufewa. Sai murɗen ya karkace ya kwanta cikin kwarin da mataimaki ya kamata ya shiga, ya tare wurin. Shi ya sa yake hana ƙwayoyin sankarar mama yaɗuwa. Amma a bangon mahaifa yana iya yin aiki irin na estirojin, abin da ke ƙara haɗarin sankarar wurin, kuma binciken Shang da Brown na 2002 ya danganta hakan da yawan SRC-1 a ƙwayoyin mahaifa. Tambayar da ta dace ita ce: a wace ƙwaya, kuma waɗanne mataimaka ne a cikinta? Haka nan sauyin Y537S, wato canjin amino asid ɗaya a makarɓin estirojin, yana riƙe murɗe na 12 a rufe ko da babu homon, mataimaka su ci gaba da kamawa, shi ya sa magungunan rage estirojin kan daina tasiri ga masu wannan sauyin.