Daga jirgi mai inji zuwa marar inji: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Duk wanda ya zauna Yamai a watan Afrilu ya sha ganin ungulu da tsakar rana tana kewaya sama, tana ta hawa ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya ba. Iskar da rana ta dafa a ƙasa ce ke tashi da ita. Da wannan iskar jirgi marar inji yake rayuwa, bayan wani jirgi ko igiyar inji ta ƙasa ta ja shi sama an sake shi. Matasanmu da suka fara da mai inji, in sun samu damar gwada wannan a waje, kusan wuri ɗaya suke faɗuwa.

Babban kuskure, ƙafa ta yi barci. Fiffiken Cessna 172, ƙaramin jirgi mai inji, mita 11 ne daga baki zuwa baki, na ASK 21, marar injin da ake koyarwa da shi, mita 17. Tsawon nan ya sa in ka karkata sandar tuƙi dama ba ka taka fedar dama mai juya hancin jirgi ba, hancin jirgi hagu zai fara nufa. A mai inji kana iya yin sakaci ka sha. A nan akwai ɗan zaren ulu manne a gilashin gabanka, shi ne mai tona asiri. In wutsiyar zaren ta karkata hagu, taka dama. In ta yi dama, taka hagu, har ya miƙe. Hannu da ƙafa tare suke tafiya. Ni wannan zaren na fi yarda da shi bisa kowace na'ura da ke cikin jirgin.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne jan sanda in an ga filin sauka ya yi nisa. Zuciya na ce maka ɗaga hanci ka ƙara tafiya. Gudu ne zai ragu, jirgi ya ƙara nutsewa, in ka matsa fiffike ya daina ɗaukarka kana dab da ƙasa. Riƙe gudun da littafin jirgin ya faɗa, ka ƙara kaɗan in iska na gabanka.

Sai sauka. Mai inji in bai daidaita ba ya ƙara wuta, ya sake zagayowa. Kai sau ɗaya gare ka. Shigo da rarar tsawo, ka rage ta da birkin iska na kan fiffike, kuma tun kana sama ka zaɓi filin da za ka sauka in iska ta yaudare ka. Gaskiya ne ASK 21 na tafiya wajen mita 34 a kowace mita ɗaya da ya sauka, Cessna wajen 9, amma iska mai gangarowa takan cinye wannan lissafi cikin minti kaɗan.

Ido kuma a waje. Jirage da dama kan taru cikin iska ɗaya suna kewayawa, shi ya sa na'urar da ke nuna hawa ko gangarowar jirgi take yin ƙara, don kunne ya isar maka.

Wanda ya juya daga marar inji zuwa mai inji shi ma yana da nasa: yakan nace sai ya sauka, alhali injin na nan. A 1983 da mai ya ƙare wa Boeing 767 na Air Canada, matuƙinsa Bob Pearson ya sauke shi a Gimli da ke Kanada da dabarar da ya koya a marar inji, amma kuskuren lissafin mai tun a ƙasa ne ya kai su can. Kafin ka tashi, buɗe tanki ka duba da idonka.