Darasi na 9: Ganye da kayan yaji a kiwon tarwada da ajiyar banda

Babu wanda za a koya wa tarwada a wannan aji. Mun tashi muna ganinta a bakin Binuwai nan Garwa. Wasunmu sun yi kamun kifi a tafkin Lagdo, wanda aka kammala madatsarsa a 1982, wasu kuma a Maga, inda aka datse ruwa a 1979 domin noman shinkafa. Abin da ya sauya shi ne, yanzu mutane suna kiwonta a gida, cikin tankin siminti ko na tamfol ko ramin da aka haƙa a bayan gari.

Tarwada kifi ce mai juriya. Tana da wata halitta a bayan kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Wannan juriya ce take yaudarar mai kiwo. Sai ya bar ruwa ya yi ɗoyi, ragowar abinci da kashin kifi su taru a ƙasa, ya ce ai tarwada ce. Ran nan ya tarar da kifinsa a tsaye cak a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, gashin baki ya gutsire, fata ta yi fari-fari da gyambo. Daga nan sai ya ruga kasuwa ya sayo kafso ja-da-rawaya ya barbaɗa. Wannan magani na ƙwayar cuta ne. Idan aka riƙa zuba shi babu awo, cutar takan saba da shi, ragowarsa kuma ta zauna a naman kifin da 'ya'yanmu za su ci.

To, kafin ganye da kafso, ruwa. A rage ruwan tanki a zuba sabo da zarar ya fara wari. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake wuce digiri 40, a yi wa tanki rumfa. A cikin hunturu, Disamba da Janairu, kifi ba ya cin abinci sosai, sai a rage masa. A riƙa ware manya daga ƙanana, domin tarwada tana cin 'yar'uwarta.

Tafarnuwa da zogale a cikin abinci

Tafarnuwa tana ƙara wa kifi ƙarfin jiki, tana kuma rage ƙwayoyin cuta. Ga yadda ake yi. A kowane kilo 1 na abinci, a ɗauki giram 10 na tafarnuwa, wato kamar ƙwaya uku manya. A ɓare, a daka lukui, a zuba ruwa rabin kofin shayi, a tace. A yayyafa ruwan a kan abincin, a ɗiga man gyaɗa kaɗan domin ya kama, a cuɗa da hannu, a baza a inuwa ya sha iska. Abincin rana ɗaya ko biyu kawai ake haɗawa, don idan ya daɗe da danshi zai yi fumfuna.

Zogale kuwa ganyensa yana da sinadarin gina jiki. Mai haɗa abinci da kansa, da dusa da ƙuli-ƙuli da waken suya da garin kifi, zai iya ƙara garin zogale da aka busar a inuwa. Amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Idan ya yi yawa, kifi ya ƙi ci, girmansa ya tsaya. Tarwada maciyar nama ce, zogale ba zai tsaya a madadin garin kifi ba.

Dogon yaro: a yi hattara

A nan zan ɗan daɗe, domin abin ya faru da ni. Shekarar da na fara kiwo, na ji ana cewa dogon yaro yana kashe cuta. Na tsinko ganye cike da kwando, na dafa har ruwan ya yi duhu, na juye a tankin 'ya'yan kifi da ba su wuce tsawon yatsa ba. Ban auna komai ba. Kafin la'asar sun fara juyi suna haki a sama. Da asuba na kwashe fiye da rabi a mace, cikinsu fari a sama, ina tsame su da rariya hannuna na rawa. Kuɗin na adashin uwargida ne.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, magani ne, amma idan ya yi yawa guba ne ga kifi. Shawarata ita ce a yi amfani da ruwansa wajen wanke tankin da babu kifi, da raga, da bokiti, sannan a ɗauraye da ruwa mai kyau. Duk ganyen da aka ba ka labarinsa, shuwaka ce ko gwanda ko gwaiba, fara gwadawa a bokiti da kifi biyar, ka lura da su yini guda. Aduwa da majimfa kuwa kada su kusanci ruwan kiwo ko kaɗan. Da su masunta suke bugar da kifi tun zamanin kakanni.

Ga kifin da ya yi gyambo, wankan gishiri ya fi sauƙin aunawa: giram 100 a lita 10 na ruwa, a bar kifin minti 10, a mayar da shi ruwa mai tsabta. Idan mutuwa ta ci gaba kwana biyu, a nemi jami'in ma'aikatar kiwon dabbobi da kamun kifi, wato MINEPIA.

Banda

Kifi yana fara lalacewa tun daga lokacin da ya mutu. Saboda haka a yanka a gyara nan take. A cire hanji da matsarmama ba tare da an fasa ta ba, a cire ƙoƙon numfashi, wato jan abin da kifi yake numfashi da shi a gefen kai, a wanke yauƙin da lemun tsami ko toka. Sai a haɗa ruwan jiƙo: gishiri kilo 1 a lita 10 na ruwa, da dakakkiyar tafarnuwa da citta da kanumfari da barkono. A jiƙa kifin minti 30, a tsame a jera a kan waya ya tsane, a rufe da raga. Ƙuda yana yin ƙwai a kan ɗanyen kifi, ƙwan ne yake zama tsutsa.

Wata dattijuwa a ajinmu, wadda ta shekara da shekaru tana banda a Lagdo, ta nuna mana yadda take gane kifi ya ƙyafu. Ta ɗauki tarwada biyu da aka lanƙwasa da tsinke, ta gwara su a kusa da kunnena. Ta ce, "Malam, ka ji? Idan ya yi ƙara kamar busasshen ice, ya yi. Idan ya yi shiru, akwai ruwa a ciki, mayar da shi wuta." Na ce, "Inna, kwana nawa ke nan?" Ta ce wanda za a ci gobe yini guda ya ishe shi, amma wanda zai shiga mota zuwa Marwa ko Kusri sai ya kwana biyu ko uku a kan hayaƙi. Kilo 3 na ɗanye yakan koma kusan kilo 1. A ƙyafa da busasshen ice mai ƙarfi. Leda, roba, tsohuwar taya da katako mai fenti, hayaƙinsu guba ne.

Babban maƙiyin banda a ajiya shi ne wani baƙin ƙwaro da 'ya'yansa masu gashi, waɗanda suke cinye nama su bar ƙaya da gari. Don gudun asara, wasu suna fesa wa kifi maganin ƙwarin gona, irin wanda ake kira fiya-fiya. Ina roƙonku, 'yan'uwa, kada a yi. Wanki ba ya fitar da shi duka, wanda ya ci kuma bai san abin da ya ci ba. Ga abin da za a yi maimakonsa. A bar kifi ya huce sarai. A shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro a ƙasan kwando, a ɗora takarda mai tsabta don kada ɗaci ya kama kifin, a jera banda, a barbaɗa busasshen barkono tsakanin jeri, a rufe, a ɗora a kan dakali ko a rataye. Ganye yana korar ƙwaro ne na ɗan lokaci, don haka a buɗe kowane mako a duba. Da an ga gari a ƙasan kwando ko kifi ya yi laushi, musamman da damina, a mayar da shi kan hayaƙi.

Aikin aji

Karanta da ƙarfi, sannan ka kwafa: tarwada, tafarnuwa, ƙwaro, ɗanye, ɓare, hayaƙi. Lura da bambancin k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ.

1. Buhun abinci yana da kilo 15. Giram nawa na tafarnuwa zai ci gaba ɗaya?
2. Kana da ruwa lita 30 don jiƙa kifin banda. Gishiri kilo nawa za ka zuba?
3. Ka ƙyafa ɗanyen kifi kilo 12. Banda kusan kilo nawa za ka samu?
4. Rubuta sunan itatuwa biyu da ba a kai su kusa da ruwan kiwo.

Ranar Laraba kowa ya zo da banda guda ɗaya daga gida ko kasuwa, da fensir da littafinsa. Za mu fasa mu duba cikinta tare.