Yadda za a gane ko mai bugu a besbol ya tsufa ko da sauransa

Masu bin gasar besbol ta Amurka a nan Yamai ba su da yawa, kuma akasarinsu a wayar salula suke ganin sakamako da safe, domin wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a Niyok sai tsakar dare yake kamawa a wurinmu. Wanda bai kalli wasa da idonsa ba dole ya dogara da lissafi, don haka ya kamata ya san yadda ake karanta lissafin ɗan wasan da ya haura shekara 33.

Da farko a san inda ganiya take. Masanin lissafin wasan, Bill James, ya nuna cewa yawancin masu bugu suna kai ƙololuwarsu ne a wajen shekara 27, daga nan sai gangara a hankali. Saboda haka a jera lissafin kaka uku ko huɗu a kwatanta, kada a yanke hukunci da wata ɗaya, tunda kaka guda wasa 162 ce. Albert Pujols ya riƙe matsakaicin .328 daga 2001 zuwa 2011 a ƙungiyar Cardinals, wato bugu 328 masu kyau, waɗanda suka kai shi tasha lafiya, cikin kowace dama 1000 da ya samu ta bugu, amma a shekarun da ya yi a Angels ya sauka zuwa .256. Wannan gangara ce ta gaskiya, wadda ta ɗauki shekaru tana tafiya.

Bayan haka a duba abin da ya fara barin ɗan wasan, domin ƙarfi ba ya tafiya gaba ɗaya. Ƙafa ce ke fara nauyi. Wanda rabin nasararsa ta dogara ga riga ƙwallo isa tasha ta farko (wurin da mai bugu ke rugawa bayan ya bugi ƙwallo) shi ne zai fi jin jiki, kamar Ichiro Suzuki, wanda ya yi kaka goma a jere yana samun bugu masu kyau 200 ko fiye, sannan a 2011, yana da shekara 37, ya tsaya a 184. Saurin hannu shi ke biyowa, kuma a nan ya kamata mai dubawa ya fi zuba ido. Tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18.44 ne kacal, kuma ƙwallon da aka jefa da gudun kilomita 150 a awa ba ya cika rabin daƙiƙa kafin ya iso. Idan hannu ya yi sanyi, mai bugu yakan fara kaɗa sanda da wuri don ya cimma jifa mai gudu, sai mai jifa ya gane, ya aiko masa da mai lanƙwasa, ya kaɗa iska. A ɗan taƙaitaccen bidiyon da ake samu a waya ana iya ganin haka sarai: ƙafar gaba ta riga ta sauka, nauyin jiki ya zube gaba, ƙwallo kuwa bai iso ba tukuna. Tun 2015 na'urar Statcast tana auna gudun ƙwallo bayan an buge shi, kuma raguwar wannan adadi shekara bayan shekara ta fi matsakaicin bugu faɗin gaskiya.

Ido shi ke daɗewa. Kamar tsohon ɗan kokawa da ke kada matashi da dabara, tsohon mai bugu yakan san jifan da zai bari ya wuce. Idan har yanzu yana samun tafiya kyauta zuwa tasha ta farko, wadda ake bayarwa idan mai jifa ya yi jifa huɗu da suka kauce, kuma yawan fitar da shi da mai jifa ke yi bayan ya kasa bugu sau uku bai ƙaru sosai ba, a ganina da sauransa ko da matsakaicinsa ya ɗan sauka.

Sai a tambayi irin aikin da ƙungiya ta ba shi. David Ortiz ya yi kakarsa ta ƙarshe a 2016 yana da shekara 40, ya sami .315, ya fitar da ƙwallo bayan shingen fili, bugun da ya fi kowanne daraja, sau 38, amma bugu kawai yake yi, ba ya tsaron fili, gurbin da aka buɗe tun 1973 a rukunin Amerikan, ɗaya daga rukuni biyu na gasar. Pujols ma da ya koma Cardinals a 2022 shi ma bugu kawai ya fi yi, ya fitar da 24 bayan shinge, ya kammala da 703 a duk rayuwarsa ta wasa, kuma ya fi yin ɓarna a kan masu jifa da hagu. Wanda bai lura da wannan sauƙi da aka yi musu ba zai ɗauka ƙuruciya ce ta dawo.

A yi hattara da auna kowa da ƴan ƙalilan ɗin da suka daɗe. Ana yawan ambaton Ted Williams, wanda ya sami .388 a 1957 yana gab da shekara 40, alhali waɗanda suka gaza tuni an sallame su, babu mai ganin lissafinsu. Barry Bonds ya fitar da ƙwallo bayan shinge sau 73 a 2001, sai dai zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya sa bai dace a yi awo da shekarunsa na ƙarshe ba.

Rauni kuma yakan yi kama da tsufa, don haka a nemi labarin lafiyar ɗan wasa kafin a ce ya ƙare. Williams ya faɗi zuwa .254 a 1959 yana fama da ciwon wuya, da ya samu sauƙi a 1960 ya koma .316. Miguel Cabrera kuwa ya sauka daga .316 a 2016 zuwa .249 a 2017 da ciwon baya, kuma ƙarfin bugunsa na da bai dawo ba har ya yi ritaya a 2023.